Yaya Dije, Har Yau Ba a Aiko Ba

A bazarar nan yayata Hadiza, wadda kowa ya sani da Dije, ta cika shekara goma da rasuwa. Dangi sun yi abin da aka saba. An dafa, an raba, an yi addu'a, kowa ya ce mace ce mai haƙuri, aka shafa aka watse. Ni wannan shaidar ba ta kwanta mini ba. Mun fi son mu ce mamaci mai haƙuri ne saboda shi ne yabon da ba ya tono kowa. Abin da Yaya Dije ta yi jira ne, kuma ni na sa ta jiran. Na kasa faɗin haka a zauren da aka yi addu'ar, shi ya sa na kawo shi wannan shafi, inda ba wanda zai kalle ni a ido.

Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Har na gama kwalejin horon malamai, na sayi keke, na fara saka alƙalami biyu a aljihun gaba, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Mu Fulanin da suka zauna ne, a wani ƙauye tsakanin Kiru da Dangora, muna noma dawa da masara, muna riƙe da 'yan shanu. Hausa muke yi a gida, Fulatancin sai in za a kira saniya ko a zagi yaro. Amma akwai abubuwan da ba mu saki ba, kuma babbansu kunya.

Wanda ya tashi a birni a 'yan shekarun nan ba lalle ya san nauyin kunyar ɗan fari ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa in da mutane. In ya faɗi a gabanta sai ta ɗauke kai, wata ta ɗaga shi. Ana yaye shi kakarsa ta karɓe. Da wannan ake auna tarbiyyar mace. Yawancin yara abin ba ya cutar da su, don gida cike yake da bakuna, wani zai yi musu surutu. Maimuna, 'yar farin Dije, ba ta cikin yawancin.

Ba ta zauna ba sai da ta shekara, ba ta taka ba sai da ta doshi uku. Hannunta na dama a maƙale yake, ba ya miƙewa sosai, miyau kuma yana zubo mata har ƙirji. Ta kai shekara huɗu ba ta ce uffan ba. Kakarta, uwar mijin Dije, ta yi nata ƙoƙarin na rubutun sha da hayaƙi, da ta gaji sai ta shimfiɗa mata tabarma a gindin rumbu ta ci gaba da harkokinta. Gari ya raɗa mata suna Bebiya, har aka manta tana da wani. Wasu tsofaffi suka ce 'yar ruwa ce, a kai ta bakin tafkin Bagauda a ajiye, masu ita za su zo su ɗauki abarsu. Ba a kai ta ba. Amma a gabanta aka yi shawarar, ana tsinkar zogale, uwarta tana daka a gefe ba ta da bakin magana.

Wata rana Dije ta kai ƙanin Maimuna rigakafi asibitin sha-ka-tafi na Kiru, ta fake da cewa ba mai kula da babbar a gida, ta tafi da ita. Wata malamar asibiti ta lura da yarinyar, ta zagaya bayanta ta tafa hannu, Maimuna ta waiga. Malamar ta ce wannan tana ji sarai, jinkiri ne, kuma ba allurarsa. Maganin shi ne wanda ya fi kusa da ita ya yi ta yi mata magana daga safe har yamma, ya kira sunanta, ya nuna mata abu ya faɗi sunansa, ya maimaita ba gajiya. Ta ce in an dage, ba abin da zai hana ta zama a aji tare da 'yan'uwanta. Sai ta tambayi Dije wa ya fi kusa da yarinyar a gida. Dije ta ce mini nan ta tsaya tana lissafa mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami kowa ba.

Daga asibitin ba ta wuce gida ba, wurina ta zo. Lokacin ni ne ƙaramin malami a firamaren ƙauyenmu, ni ke riƙe da aji ɗaya. Ta zauna a bakin ƙofa ta tambaye ni me ake nema a wurin yaro kafin a ɗauke shi makaranta. Ko sunan 'yar ba ta faɗa ba, "waccan yarinyar" ta ce. Na gane inda ta dosa, raina kuma bai so ba. Sai na jero mata sharuɗɗa uku don in sallame ta. Na farko shi ne wanda kowa ya sani a zamanin, da ba a san takardar haihuwa ba: yaro ya ɗora hannun dama ta saman kansa ya kamo kunnen hagu. Sauran biyun ni na ƙara daga kaina. Ya amsa in an kira sunansa, kuma ya iya neman izini in fitsari ya kama shi.

Ta lanƙwasa yatsu uku tana maimaitawa.

"Auta, in ta iya ukun nan za ka rubuta ta?"

"Zan rubuta ta, Yaya."

Na faɗa hankalina kwance, don na san hannun nan ba zai taɓa hawa saman kai ba.

Shekara biyu ta yi tana aikin. Hannun ta fara kamawa. Kullum da hantsi takan shafa masa man shanu ta murza, ta miƙar da shi kaɗan kaɗan, yarinyar tana kuka. Da ta ga kukan ya yi yawa sai ta sake dabara. Ta samo ɗan kunne mai 'yar ƙararrawa a kasuwar Dangora, ta saka mata guda ɗaya tak a kunnen hagu, ta ɓoye ɗayan. Sai ta riƙe mata hannun hagu, ta kaɗa ƙararrawar da yatsa. Maimuna tana son ƙarar, ba ta da hanyar kaiwa gare ta sai da hannun da ba ya so. Da farko ta gaban fuska take miƙawa, Dije ta riƙa tura gwiwar hannun sama. Mata suna ganin yarinya da ɗan kunne guda suka ce ai uwar ma ta fara taɓuwa.

Sunan ya fi hannun wuya, don shi sai an buɗe baki. Da damina takan ja ta cikin gonar dawa, inda kara ya fi mutum tsawo, ta durƙusa a gabanta ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar suna. Da rani, da ba dawar ɓuya, sai ta ce za ta itace. Haka take tafe tana nuna mata abubuwa, ga akuya, ga tulu, ga ƙaya. Asirin bai daɗe ba. Wata mata mai yankan ciyawa ta jiyo ta, kafin la'asar labari ya gama gari cewa Dije tana kiran sunan 'yar fari da bakinta, har da lallashi. Surukarta ta yi kwana bakwai ba ta taɓa tuwonta ba. Mijinta, Buba, ya dawo daga kiwo ta wajen Doguwa aka tare shi da maganar tun bai sauke sanda ba. Bai dake ta ba, shi ba mai duka ba ne. Ya dai ce ta zubar da mutuncin gidan, ya daina cin abinci a ɗakinta. In ta doso rijiya sai mata su fara kiran sunayen 'ya'yansu na biyu da na uku da ƙarfi, suna ƙyalƙyala dariya.

Ni ma na ba da tawa gudummawar. Na same ta na ce ta dubi girman Allah ta daina ba mu kunya, ni malami ne, ana kallona. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko sharuɗɗan nan har yanzu uku ne, ko an ƙara.

Kalmar farko da Maimuna ta furta ita ce ruwa. Dije ta kusa faɗuwa don murna. Tsofaffin nan kuwa da suka ji sai suka gyaɗa kai, suka ce to ga shi nan, gida take nema.

Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai aka fito da tebur gindin ɗorawar makaranta. Hedimasta yana zaune, ni ina tsaye da rajista. Iyaye maza suka jero da 'ya'yansu, mata suna can baya, bayan shingen kara. Buba bai zo ba. Sai ga Maimuna ita kaɗai a ƙarshen layi, cikin shuɗin yunifom da uwarta ta ɗinka da hannu, da ɗan ƙyalle a maƙale a kafaɗa na share baki. Da layi ya zo kanta, tun ban ce komai ba ta ɗaga hannun nan a hankali, yana rawa, ya haye saman kai, ya sauka a kan kunnen. Ƙararrawar ta yi ƙara. Wurin ya yi tsit har na ji ta.

Saura suna. Na kira, ba ta motsa ba. Na sake kira da ƙarfi, ta tsaya tana kallon alƙalamin aljihuna. Duk duniya murya ɗaya ta sani da wannan sunan, kuma ba tawa ba ce. Wallahi daɗi na ji. Har na buɗe baki zan ce na gaba, sai muryar Dije ta fito daga bayan shinge, a gaban hedimasta da mai unguwa da ƙannen mijinta:

"Maimuna, amsa wa Malam."

"Na'am, Malam."

Mata suka rufe baki da mayafi, wasu suka saki dariya, wani dattijo ya yi salati ya juya baya. Dije ba ta sunkuyar da kai ba. Ni na sunkuyar.

Hedimasta ya jawo ni gefe. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa zagin kowa ba. Ya tuna mini cewa ofishin ilimi ya ce duk makarantar da 'yan matanta suka yi kaɗan za a rage mata malami guda, kuma na san wanda za a rage. Ya ce in rubuta ta, suna ai suna ne. Zama a aji kuwa, wannan ya bar mini, tun da 'yar gidanmu ce. Na rubuta ta da kyakkyawan rubutuna, ta goma sha ɗaya a layin mata.

Washegari ta zo. Na zaunar da ita a can baya, a ƙasa, kusa da tsintsiya. Yara suna waige suna cewa ga Bebiyar Malam, ga Bebiyar Malam. Ita kuwa ta kafa wa allo ido, in aji ya maimaita baƙi sai ita ma ta motsa baki, ko da yake a makare. Yanzu da na yi shekaru a aikin, na san yaron da ke bi da wanda ba ya bi. Tana bi. Wajen ƙarfe goma ta ɗaga hannu, ta miƙe, ta faɗi abin da aka shekara biyu ana koya mata:

"Malam, zan yi fitsari."

Aji ya fashe da dariya, don a hankali ta faɗa, kalma ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗi na uku ke nan, ta cika shi a gabana. Na ce ta je. Na ce kuma in ta gama ta wuce gida. Ta fita tana murmushi, don ta yi daidai kuma ta san ta yi daidai. Iyakar karatun Maimuna ke nan a duniya, awa biyu.

Da yamma na je na shirya wa Dije magana. Na ce masu duba makarantu za su zo daga Kano, ba a son su tarar da abin da za su yi surutu, ta riƙe ta a gida tukuna, in sun tafi za a aiko. Don ta yarda har rajistar na ɗauko mata, abin da doka ta hana. Ba ta iya boko ba. Na ɗora mata yatsa a kan layin, ta shafa shi sau biyu, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Daga nan kullum da safe in na zo layi na goma sha ɗaya sai in tsallake kira, in yi alamar ta zo. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa makara ba. Ƙarshen shekara aka ciyar da ita aji biyu, malamin can ya gaji sunan, ya gaji alamar, bai tambayi kowa ba. Dije kuwa duk inda muka haɗu, a rijiya ko a gidan suna, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Auta, an aiko?" Ni kuma amsata ɗaya ce, tukuna. Ba ta daina aikinta ba. Ta koya mata ƙirga har ashirin, ta koya mata Fatiha, wai kada a aiko a tarar an bar ta a baya. Duk shekara takan warware lafin yunifom ɗin ta ƙara masa tsawo. Na sha tambayar kaina ko ta gane. Mace ce mai kaifin hankali, ta fi ni nesa. Ina jin ta gane, ta dai zaɓi ta ci gaba da tambayata don ta ba ni damar in gyara. Ban gyara ba.

Sanƙarau ne ya ɗauke Yaya Dije, a bazara ta biyu bayan na rubuta Maimuna, cikin kwana uku. Na je duba ta da azahar ɗin rana ta biyu, wuyanta ya riga ya sandare, ba ta iya juyowa ta kalle ni. Na zata za ta yi mini faɗa, har na so ta yi. Abin da ta ce shi ne:

"In an aiko, ka raka ta da kanka. Kada ku bi ta bakin rijiya, tana tsoron karen gidan Sarkin Fawa."

Shekara huɗu bayan mun binne ta, takardun kammala firamare suka iso. Akwai ta Maimuna a ciki, da hatimi da sa hannu, an ce ɗabi'arta kyakkyawa ce, zuwanta makaranta ba yankewa. Lokacin ni ne mataimakin hedimasta. Na ninke ta na saka a akwatina, tana nan har yau, ƙarƙashin takardun ƙarin girmana.

Nakan yi tunanin abin da Yaya Dije za ta ce da ta ga yau. An daina kama kunne, yanzu takardar haihuwa ake nema, wanda ba shi da ita a yanko masa a bakin sakatariya. A Kiru da Tudun Wada an buɗe 'yan makarantun rainon yara masu zaman kansu, ana kai ɗan shekara uku a kan acaɓa da jaka ta fi shi girma. Na leƙa ɗaya kwanaki, na tarar har jarrabawar baka ake yi wa yaran kafin a ɗauke su. Mai irin lalurar Maimuna ko ƙofa ba zai gani ba, kuma ba mai buƙatar yi wa uwarsa ƙarya, a fili ake ce mata ba gurbi. Ban san wanne ya fi muni ba. A rediyo kuma likitoci suna ta cewa iyaye su riƙa yi wa jarirai magana, a kai yaro asibiti da wuri in an ga ya makara da tafiya ko baki. Matan da suka yi mata dariya a rijiya, yau 'ya'yansu suna kiran sunan 'ya'yan farinsu a tsakar gida, har da laƙabin gata, ana cewa wayewa ce. Na san dariyar da za ta yi, gajeriya, ta hanci, sannan ta tambaya ko cikin masu wayewar akwai wanda ya ware benci guda a aji ɗaya don yaron da ke maimaita baƙi a makare. Ni da na yi shekara goma sha biyar da alli a hannu, zan iya ba ta amsa: a makarantun da na sani, babu. Kuma ba kuɗi ne ko gini ya hana ba. Abin da Maimuna ta nema wurin zama ne kusa da allo, da malamin da zai jira ta gama jimlarta.

Me ya rage na Dije? Ba ta bar saniya ko ɗaya da sunanta ba, kabarinta ma sai an yi gardama kafin a nuna shi. Abin da ta bari yana gidan Buba, yana shara, yana ba awaki dusa, yana salla biyar. Maimuna ta zama budurwa. Tana gaisuwa, tana aike, tana sanin in akuya ɗaya ba ta dawo ba. Har yau ɗan kunne guda take sakawa, an yi an yi ta karɓi na biyu ta ƙi. Kuma tun da a bakin mutum ɗaya ta koyi magana, duk kalmar da ke bakinta ta uwarta ce, da irin jan muryarta, da inda take tsayawa ta ja numfashi. In tana magana a bayan katanga sai in zata Yaya Dije ce. Surukar da ta ƙi cin tuwon Dije ta makance yanzu, Maimuna ce ke jan ta zuwa bayan gida.

Ranar addu'ar nan, da mutane suka watse, na shiga cikin gida in yi sallama. Tana tsugune tana wanke kwanonin sadaka. Da ta gan ni ta ajiye soso, ta goge hannu a zane, ta miƙe tsaye sosai kamar tana layin makaranta. Ta ɗaga hannun dama ta saman kai ta kamo kunnen hagu. Haka take yi mini duk ranar da ta gan ni, shekara goma sha biyu ke nan. Ba Kawu take ce mini ba, abin da ta ji ana kirana da shi take faɗa.

"Auta, an aiko?"

Na zo da niyyar in gaya mata gaskiya, na shirya kalmomin tun a hanya. Na dubi hannun yana rawa a saman kanta, tana jira kada ta sauke kafin a ba ta izini.

Na ce, "Tukuna."

Ta ce to, ta sauke hannun, ta koma kan kwanoninta.